Tashar Jirgin da Na Gina a Kan Ƙyaure

Mu a Kontagora ba mu da jirgin ƙasa, ko layin dogo bai bi ta wajenmu ba. Amma ni na shekara hamsin ina yi wa mutane bayanin jirgi kamar a cikinsa aka yanke mini cibiya, alhali duk ilimin nawa daga hoto ɗaya ne tak.

Hoton baƙi da fari ne, an ɗauke shi a tashar Zungeru zamanin jirgin kwal mai hayaƙi. Ga kan jirgi, ga tankin ruwa bisa dogayen ƙafafu, ga wani mutum tsaye a ƙofar jirgin da hular direba, ya riƙe ƙugu. A adakar Inna na tsince shi ina yaro. Na san mahaifina a reluwe ya yi aiki, ya rasu ina rarrafe, Inna ta dawo da ni gidansu a nan. Sai kawai na ɗora yatsa kan mai hular na ce wannan ne Baba. Ba wanda ya ce e, ba wanda ya ce a'a.

Inna dai ba za ta ce ba, don ni ɗan fari ne, ita kuwa irin matan da ce masu kunyar gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni. Zancen miji kuwa, ko bayan ransa, ba ya fita daga bakinta. Da na yi aure sai matata ta zama 'yar aike a tsakaninmu. Ina zaune a gabanta za ta ce, "Ke 'yar nan, ce wa mai gidanki rufin ɗakina yana yoyo."

Ni kuma na ɗauki mai hula na shiga duniya da shi. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, babu ajin da ya tsira bai ji cewa uban Malam direban jirgi ne ba. Har kukan jirgin nake yi musu, ni da ban taɓa jin na kwal da kunnena ba.

Bayan na yi ritaya Inna ta dawo gidana. Yanar ido ta rufe mata gani, jiki ya yi sanyi, abinci sai loma biyu. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske: za ta tafi da duk abin da ta sani game da mutumin nan, ni ko yadda yake dariya ban sani ba. Kuma ba ni da bakin tambaya. Ana nan sai na gani a waya yadda wasu tsofaffin Turawa ke duba hotunan da, suna gina 'yar tashar jirgi a kan tebur, komai da komai. Na ce yauwa! In ta taɓa tashar da hannunta, ai dole baki ya buɗe.

Na ciro tsohon ƙyauren ɗakin ajiya na shimfiɗa a zaure. Wayar keke ta zama dogo, tsinken ashana ya zama katakon ƙarƙashinsa. Gwangwanin madara uku na haɗa na yi tukunyar jirgi, marafan kwalba ƙafafu, auduga hayaƙi. Matata ta nemi mazubin manja ta rasa, sai ta gan shi bisa karan dawa huɗu ya zama tankin ruwa.

"Malam," ta ce, "in motar kara kake marmari, ka faɗa mini in rufe ƙofar gida, kada surukai su shigo."

Na ce mata wannan bincike ne. Kuma wallahi na yi bincike. Na ɗauki hoton a waya, ina buɗa shi da yatsu biyu ina ƙirga tagogi da ƙusoshi. Mai hula kuwa kwana huɗu na yi ina sassaƙa shi da reza, har na yanke babban yatsa. Can gefen hagu, inda hoton ya ƙare, akwai wani tudu dishi-dishi da rabin mutum a sunkuye, ba a ganin fuskarsa. Na duba na ga ƙazanta ce kawai za ta ɓata mini tasha, ga shi ƙyauren ma ya ƙare. Na bar su.

Wata uku na yi. Ran nan da hantsi muka kinkimo ƙyauren ni da matata, muka ajiye a ƙofar ɗakin Inna inda take shan rana. Na gyara murya na fara lacca, wai ga matata nake yi: nan ake shan ruwa, nan ake juya kan jirgi, ga kuma Baba a bakin aikinsa.

Inna ta miƙa hannu. Ta bi dogon da yatsa a hankali, ta shafa tankin, ta shafa tukunyar. Ta zo kan mai hula ta wuce shi kamar ta taɓa turmi. Ta ci gaba hagu har yatsunta suka faɗa bakin ƙyauren, suka yi ta lalube a iska.

"Ke 'yar nan," ta ce, "tambaye shi ina tokar."

"Wace toka, Inna?" in ji matata.

"Inda ake zubar da tokar jirgi mana. Ai nan yake."

Na zauna a ƙasa, na tuna tudun nan da rabin mutumin da na bari. Matata ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi magana, Allah ya saka mata da alheri ta rufe.

"To mai hular fa?" Ni ne na tambaya, kai tsaye, na manta da wata kunya.

Inna ta amsa, amma ga matata. "Oho. Wani mutumin Lakwaja ne, mai faɗan tsiya."

Ba ta ce a gyara ba, amma matata ta tashi ta ɗebo toka a murhu cikin marfin kwano. Muka jawo benci muka haɗa da bakin ƙyauren. Inna ta zuba tokar a kai, tana tara ta da tafin hannu, sai ga magana tana fitowa, wadda na jira tun ina yaro. Ta ce shi ke kwashe tokar da shebur tun da zafinta, ƙafafunsa duk tabon ƙuna. Ta ce 'yan mata kan zo tsintar ragowar kwal da bai cinye ba, su kai gida a hura wuta, ita ma a cikinsu. Shi kuma sai ya riƙa ture manya-manyan gefe guda, inda ta saba tsugunawa, ya yi kamar bai san ya yi ba. Ta ce ba shi da yawan magana, amma in abu ya ba shi dariya har tari yake yi. Nan ta yi murmushi, ta ja mayafi ta rufe baki.

Na yi murna, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba. Hawaye na zuba, ga audugar hayaƙi a hannuna, da ita na share.

Matata ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, to me ya sa rabinsa kawai ya fito?"

Inna ta kakkaɓe tokar hannunta.

"Ya so ya shiga. Har ya wanke fuska. Mai hoton ya ce ya matsa can, zai ɓata musu hoto. Sai ya matsa."

Ba ta san abin da na faɗa a raina ba ranar da na bar shi a waje, ni kuma ban gaya mata ba. Mutum biyu ne suka ce wa Baba ya matsa gefe, na biyun ɗansa ne.