Famfon Gazali

A Gawon Nama, can ƙarshen layi inda ƙasa ta gangara, akwai famfo a jikin katangar gidan Balkisu mai ɗinki. Kowa famfon Gazali yake kiransa, ban da ita. Ita "na waje" take cewa, domin Gazali ɗan farinta ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba tun ranar suna har ranar da aka kai shi makwanci.

'Yar Wamakko ce, aure ya kawo ta birni. Mijinta ya rasu da wuri, keken ɗinki ya riƙe gidan, da shi ta kai yaron har kwalejin ilimi. Yana shekarar ƙarshe zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Bayan sadakar arba'in ta kira Mode mai gyaran famfo ya huda katanga, ya fito da bututu waje don kowa ya ɗiba. Tun daga nan, duk ranar da aka kawo ruwa, tana kan keke za ta ji mata na kiran juna a je famfon Gazali kafin a ɗauke. Sai ta sassauta ƙafa, har sunan ya wuce.

Ruwan unguwar kan yi kwanaki bai zo ba. In ya zo kuwa, gidajen tudu ɗigo suke samu, gidan Balkisu ne ke shan ƙarfinsa duka. Bututu ya yi ta bugawa cikin katanga kamar ana daka, har kan famfon ya fara yoyo. Matan layin suka ga ruwan sadakar mamaci yana bin ƙasa, suka ce alhaki ne, suka samo robar tayar keke suka naɗe bakinsa tam. Ruwa ya rasa mafita, ya ɓalle mahaɗar da ke binne, ya jiƙa gindin katangar maƙwabcinta Malam Siddiƙu, wadda ta laka ce. Mode ya gyara, yoyo ya dawo, mata suka sake ɗaurewa, mahaɗa ta sake ɓallewa.

Siddiƙu ba mugun mutum ba ne. Yana cikin waɗanda suka yi wa Gazali wanka. Amma ɗakin jikokinsa na jingine da wannan katanga, ga damina na tafe. Ya kai maganar gaban mai unguwa, aka yanke a toshe na waje, a bar mata na cikin gida. Da kansa ya zo zaure ya gaya mata, ya ce hanyar sadaka ba ɗaya ba ce, ko waina ta raba ranar Juma'a lada za ta isa inda ake so.

"Malam, katangarka gaskiya ta, ni za ni gyara ta," in ji ta daga bayan labule. "Amma na waje ba a toshe shi ina da rai."

"Malama, ruwanga ya hi ƙarhinki."

"Ai ba riƙe shi za ni yi ba. Masu riƙo sunka kawo muna wanga."

Ta tashi a gonar shinkafa, ta san ruwan da aka tare ta ko'ina kunyar gona yake fasawa. Ta ɗauki almakashin ɗinki ta fita ta yanke robar a gaban matan. Ta tambayi Mode inda za a kai ƙarfin ruwan. Ya ce a ɗora tanki a sama, ruwa ya fara hawa can ya huce, sannan ya sauko a hankali. Ta sayar da injin surfani, ta bar wa kanta tsohon keke. Aka gina dakali mai tsawo, aka ɗora tanki, aka sa siminti a gindin katangar Siddiƙu. Rarar da tanki ke zubarwa in ya cika kuma ta sa a gina mata kwami, awaki da jakunan masu yashi su sha. Da Mode ya tambaya ko ya mayar da kan famfon inda yake, ta ce ya sa uku.

Ranar da wakilin mai unguwa ya zo toshewa, ya tarar da layin mata a kan famfo uku, ya shafa katangar maƙwabci ya ji ta bushe. Ya ce shi famfo ɗaya aka aiko shi ya toshe, bai san wanne ba, ya juya.

Har yau Siddiƙu na cewa bai ga mace mai taurin kai irin Balkisu ba, ita ma ba ta musa ba. Jajayen awakinsa ne ke fara isa kwamin. In aka kawo ruwa, bututu ba ya bugu yanzu, don haka sai daga bakin mata take sani. Suna kiran juna, ƙafarta ta sassauta a kan keke.