Kammalawar da Yayyenmu Suka Bar Mana

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da malaminmu na Faransanci ya maido mana takardun jarrabawar ƙarshen shekara, muna ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi.

Na riga na maimaita ajin nan sau ɗaya, doka kuwa ba ta san sau biyu ba. In makina ya sake kasawa, kora ce. Babana can Kore Mairuwa har ya gama yi mini tanadi. "In sunka koro ka, bayan kaka sai ka bi kawunka Kwatano," in ji shi. "Tallan shayi ba ya bukatar Faransanci." Haka yake ƙarfafa wa mutum gwiwa, Allah Ya saka masa.

Jarrabawar sharhin adabi ce: a ba ka waƙa, ka feɗe ta, ka rufe da sakin layi na ƙarshe, wato kammalawa. Mushe, kamar yadda muke kiran malamin da Faransanci, baƙo ne da aka kawo mana a shekarar, kuma duk duniya ba abin da ya dame shi kamar sakin layin nan. Ka tattara abin da ka faɗa, sannan ka bar mai karatu da tambaya ɗaya. Wanda ya ɓata wannan, rabin makinsa ya tafi.

To amma lise ɗinmu na da dukiyar gado. Wata kammalawa ce da yayye ke miƙa wa ƙanne a ɓoye, ana ce mata Mai-shiga-ko'ina. Cewa take marubuci ya nuna mana, da gwaninta, wahalar da Afirka ta sha a hannun 'yan mulkin mallaka, amma shin sauran marubuta ba su yi haka ba? Da can 'yan gata kaɗai ke samunta. A shekarar sai wani mai tausayin talakawa ya tura wa ajin duka ta waya. Ni ba ni da irin wayar, ga shi ruwan fari ya sauka, Baba ya aiko in zo shuka. Daga gona na shigo mota, daga tasha sai ƙofar aji.

"Ka hardace ta?" in ji abokin zamana.

"Mi?"

Ya dube ni kamar gawa. "Wayyo. Ka gaida muna Kwatano."

Da aka raba takarda, waƙar wani manomi ce da ke murnar saukar ruwan fari. Babu Bature a ciki, ko hularsa. Na yi abin da zan iya, tafin hannuna duk bororon sungumi. Da na zo ƙarshe na ga kowa na zuba rubutu babu ɗaga kai, na ji tsoro na gaske. Na rubuta abin da na sani kawai: murnar mutumin nan ba murna ba ce zalla, tsoro ne ya ɗan sake shi. Na rufe da tambayar da na baro Baba yana yi: ya zuba irinsa duka a ƙasa, to in ruwan bai dawo ba fa?

Ranar maido takardu Mushe ya shigo da fara'a, abin da bai taɓa zama alheri ba. Ya ɗauki ta farko ya karanta ƙarshenta, wahalar Afirka. Ta biyu, wahalar Afirka. Daga ta biyar sai ya ce mu taya shi, aji ya ɗauka baki ɗaya kamar karatun allo.

"Madalla da masana," ya ce. "Mutum na murnar ruwa, kun aza mishi mulkin mallaka. Kun san wa ya rubuta wagga kammalawa?"

Muka shiga kallon juna.

"Ni na rubuta ta. Nan cikin ajin ga, bisa bencin can na baya. Kuma ko a lokacin, huɗu cikin ashirin anka ba ni."

Ashe abin da aka yi shekaru ana ɓoyo kamar zinariya, tun ranar haihuwarsa faɗuwa ya yi. Wanda ya tura ta waya ya sunkuyar da kai, da alama tausayin talakawa ya fita ransa.

Sai Mushe ya ɗago tawa. Ya ce Faransancin da ke ciki abin a kai asibiti ne, aji ya samu abin dariya, na ji kamar in nutse. Ya karanta tambayata. "Cikin ajin ga duka, wagga ɗai ta tambayar da mai ita ke son jin amsa," ya ce, ya miƙo mini. Makin ba na alfahari ba ne, da ƙyar ya tsallakar da ni, amma kawu shi kaɗai ya tafi Kwatano.

Abin da na koya ke nan: ƙarshen magana daga cikinta yake fitowa, ba a aro shi a maƙwabta. Ruwan kuwa bai dawo da wuri ba, sai da muka sake shuka.