Dakalin Tsahara bai huce ba

A kan dakalin da ta gina da hannunta labarin ya iske ni. Hantsi ya ɗaga, mutane sun watse, saura ni da Liman a zaure muna jin sauran ɗumi, sai Barira, matar ɗanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba Nomau, Inna ta cika." Liman ya yi salati. Ni kuwa tafin hannuna na kan dakali. Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma, na gaba da na baya.

Wanda bai san ta ba, Tsahara ɗiyar kawuna ce, taubashiyata ke nan. Tun muna tsirara take ce mani bawanta, har furfura ta cika kaina ba ta ƴanta ni ba. Ita ce ungozomar garinmu, nan gabas da Maijirgi, kuma ita ke sayar da koko da ƙosai a bayan zauren gidan marigayi mijinta, wanda ke kallon masallaci. Ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Abin da na mallaka a duniya shi ne tarihin garin nan, wanda na karɓa daga bakin ubana: wa ya fara sauka, wa ya gina rijiya, wa ya haifi wa.

Wanga tarihi kuwa, wurin bayar da shi guda ne. In ɗari ya shigo, ana sallame Asuba sai a hura wuta a gefen masallaci, samari su jawo reshen gawo, dattawa su kewaye, yara su tsugunna a baya. Sanyi ne ke tara mani mutane. Da damina kowa na gona, da bazara kowa na neman inuwarsa, amma da ɗari babu mai tashi daga bakin wuta sai rana ta yi kyau, ko yana so ko ba ya so sai ya ji ni. Haka ubana ya yi, haka na iske.

Tsahara ce kaɗai ke ganin laifin wutar. Wata safiya ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Bawana, gawon da ka ce kakanka Barmo ya ɗaure san da ya zo da shi ranar da ya fara sauka garin nan, ina yake?"

Na ce, "Yana nan gabas da rijiya, makauniya."

Ta ce, "Rabinsa na nan. Rabin kun ji ɗumi da shi bara. In wani yaro ya tashi ya ce ƙarya kake, mi za ka nuna mashi? Toka?"

Aka yi dariya, na ce ta koma ga kokonta kada ya yi gudaji. Amma maganar ba ta bar wurin ba, don kowa ya san gawayen da hatsinmu ke yin kyau a ƙarƙashinsu sun koma kamar an yi masu aski.

A shekarar ne Laminu, ɗanta, ya zo ganin gida daga ƙasar Turawa inda yake aiki, inda ya ce ruwa na daskarewa har mutum ya taka shi. Muka tambaye shi ko daji nawa suke ƙonewa kafin sanyi ya wuce. Ya ce gidan da yake zaune ba a hura ko tsinke. Bango ne mai kauri da ba ya sakin ɗumi, da tagogin da ke kallon rana, sai wani inji mai aiki da kuran, wato lantarki, wanda ke jawo ɗumin cikin ƙasa ya ɗumama ruwa, ruwan ya riƙa bi ta ƙarƙashin daɓe. Ka taka ƙasa ka ji ɗumi, ba hayaƙi, ba toka.

Mu muka riƙe baki. Tsahara ta tuntsire da dariya har da buga cinya. Ta ce, "Ashe duk ƙasar a gadon jego suke kwana, maza da mata! Laminu, har jirgi ka hau don ka ga abin da na haife ka a kai?"

Gadon jego aikinta ne tun tana sabuwar aure: gadon ƙasa mai rami a ƙasa, a sa garwashi mai haihuwa ta kwanta ta gasu. Abin da ba ta so da shi ɗaya ne, hayaƙin da ke zama a ɗaki, jariri ya yi ta tari. Maganar Laminu ta ruwan da ke yawo ƙarƙashin daɓe ita ta tsaya mata a rai. Takan ce, "Hayaƙi ma ɗumi ne, ku ne kuke sakinsa ya tafi sama a banza."

Da aka gama girbi sai ga amalanke na zubar da jar ƙasa a ƙofar zaurenta. Ta kwaɓa da ramno, ciyawar nan ta gini, ita da Barira. Ta matso da murhun kokonta jikin bangon zaure ta waje, ta huda bangon, ta ja wata kafa mai faɗin tafi biyu ta bi gindin bango ta ciki, ta rufe ta da fasassun tukwane, ta ɗora dakali mai tsawo a kai. A ƙarshe ta jera tuluna marasa gindi, ɗaya kan ɗaya, don hayaƙi ya fita waje. Wutar da ke dafa koko, zafinta sai ya ratsa ƙarƙashin dakali kafin ya ga sama. Abin hurawa kuma ba itace ba: ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, guntun kara, da busasshen kashin shanu da ƙawayenta na ruga ke kawo mata.

Ranar gwaji ta gayyaci Liman. Hayaƙin ya ƙi bin tuluna, ya dawo ciki duka. Liman ya fito da rarrafe, idanu jajir, rawani a hannu, yana tari yana istigfari. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na tambaye ta ko kilishin malamai ta fara. Ta sa aka ɗauko mata tsani, tsohuwa da ita, ta ƙara tuluna a sama, ta liƙe kowace tsaga da yumɓu. Washegari hayaƙi ya miƙe tsaye kamar an ja shi da igiya.

Ni na hana maza shiga, kuma ba na musu. Na ce gadon jego ne, duk namijin da ya hau sai mu shirya mashi kunun kanwa da ragon suna. Maganar ta kama su. Kwanaki dakali na ɗumi babu kowa a kai sai kyanwa.

Sanyi ne ya karya ni, ba ita ba. Liman mai ciwon baya ya fara shiga, wai zai duba ko hayaƙin ya gyaru. Bai fito ba sai da hantsi. Sai wani ya shiga kiran Liman. Sai wani ya shiga kiran mai kiran. Samari da suka ga ba dattawan da za a jawo wa reshe, suka huta da hawan gawo. Kafin wata ya mutu na wayi gari ni kaɗai a gefen masallaci, da ƴan kirare da bargona, ina jiyo hirarsu a ƙetaren hanya. Ba sanyin ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, ga ɗari na wucewa, tarihi na cikina, ba mai ji. In na shiga, na haɗiye maganata a gaban gari. In ban shiga ba, abin da ubana ya ba ni zai bi ni kushewa.

Wata safiya ina zaune haka sai na ji Tsahara ta ɗaga murya daga bakin zaure, yadda take kiran awaki.

"Liman, ai rijiyar garin nan ba Barmo ya gina ta ba. Wani baƙo ne daga Mayahi. Shi Barmo igiya ya zo sayarwa, ya ga ruwa ya zauna."

Liman, Allah Ya shirye shi, ya ce, "Ashe? Mu kuwa Nomau ba haka ya gaya mana ba."

"Nomau ai kakansa ne, dole ya gyara mashi."

Ban san lokacin da na ƙetare hanya ba. Na shiga ina nuna ta da sanda, na ce Barmo daga Tasawa ya taso da sa guda da matarsa Kande, ya kwana a Maijirgi, ya sauka a gindin gawo don ya ga tururuwa na fito da danyar ƙasa. Na faɗi waɗanda suka riƙe mashi igiya, na faɗi yadda suka kai ga dutse suka fid da rai, Kande ta ce a ƙara kamu ɗaya. Labarin na da tsawo, ƙafafuna kuma ba na yaro ba ne. Sai da na kai ga haihuwar ɗan fari na ji wani abu na hawa daga cinyoyina zuwa ƙugu, gwiwar da ta shekara tana cizona ta yi shiru. Na duba. A zaune nake, a tsakiya, wurin da ya fi ɗumi, wanda aka bari ba kowa.

Tsahara ta miƙo mani ƙoƙon koko ta ce, "Barka da arziki, Nomau. Mi aka samu, mace ko namiji?"

Zaure ya kece. Na ce, "Ni ba zama na zo yi ba, gyara na zo yi."

Ta ce, "To gobe ma akwai ɓarna."

Kuma akwai. Tun daga ranar, kowace safiyar ɗari sai ta tanadi kuskure guda ta jefo daga bakin ƙofa. Yau ta aurar da wance ga wanda ya mutu kafin a haife ta, gobe ta mai da yunwar da aka ci ganye ta zama shekarar da rumbuna suka cika. Ni kuma in shigo da faɗa in gyara. Ban taɓa cewa ta fi ni gaskiya ba, ita kuma ba ta taɓa nema ba. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, da can maza kaɗai ke jina, yanzu matan da ke jiran ƙosai a bayan bango da ƴan matan da ke riƙe da kwanoni duk suna ji. Har sukan riga ni cewa, "A'a, Inna, ba haka ba ne!"

Halinta ke nan a komai. Ba ta iya ba mutum abu ta bar shi da kunyar karɓa. In ta san gida ba su ɗora tukunya ba, sai ta aika da koko ta ce a ɗanɗana mata, wai tana jin ya yi tsami. Masu jego ta gina masu ƙananan gadaje irin dakalin, murhu a waje, ta fitar da kaskon garwashi daga ɗakunansu. An zo an ɗauke ta a amalanke har Hawandawaki da Attantane, ta tafi da Barira, ba ta dawowa sai matan can sun kwaɓa ƙasa da hannunsu a gabanta. Takan ce, "In na gina maki, ni na iya. Zo ki ɓata hannunki." Gawon Barmo kuwa ya mai da rassansa, bana awaki har faɗa suke a kan ƴaƴansa.

Safiyar da ta rasu ta hura wutarta kamar kullum. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran kuskurena in shiga. Sai ta ɗauko labarin Barmo tun daga Tasawa, da sa, da Kande, da tururuwa, da masu riƙe igiya, kowa da sunansa da na ubansa, har zuwa kanmu. Na kasa kunne iya kasawa. Babu inda ta karkace.

Na ce, "To yau mi zan gyara?"

Ta ce, "Babu. Shiga ka zauna haka nan, bawana, sanyi ake."

Na shiga na zauna. Ta ce wa Barira ta ƙarasa suyar, kanta na sara, za ta ɗan kishingiɗa. Kishingiɗar ke nan.

Bayan Azahar muka kai ta. Gari ya fito, Fulanin ruga sun zo, an zo daga ƙauyukan da ta yi wa gini. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a zaure don karɓar gaisuwa, ni na nufi wurina. La'asar ta kusa, wuta ta mutu tun da hantsi, amma da na zauna sai na ji ɗumi a jikin ƙasar. Na kamo hannun Liman na ɗora. Ya dube ni na dube shi, sai ga tsofaffi biyu na dariya hawaye na zuba a gaban masu ta'aziyya. Ya ce, "Ta tafi ta bar mu a jego."

Na ɗauka shi ke nan, dakali zai huce ya zama wurin ajiye buhu. Washegarin sadakar uku na fito masallaci na ga hayaƙi ya miƙe daga tuluna. Na tsaya a hanya, don ban san da wace hujja zan shiga ba. Barira, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba tun da aka kawo ta garin nan, ta sunkuyar da kai a kan kaskon suya, ta ce, "Baba, wai an ce Barmo da raƙumi ya zo."

Na ce, "Wane maƙaryaci ya gaya maki? Matsa in wuce."

Ya Allah, Ka jiƙan Tsahara, Ka yafe mata, har da ƙaryar da ta yi ta ɗora wa kakana, don ni na yafe. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa ta ji daɗin makwancinta fiye da yadda ta jiyar da mu. Ka ba Laminu haƙuri a can nesa inda labari ya iske shi, Ka dawo mana da shi lafiya. Ka ƙarfafi hannun Barira, Ka raya jikokinta da duk waɗanda ta karɓa ranar da suka zo duniya. Mu da muka saura, Ka kyautata ƙarshenmu, Ka haɗa mu da ita a gidan rahama. Amin.