Akuya a Turken Masu Awo

Ban san sunan maƙwabcin gonata ba, gonar gado ce ta kawo ni daga Kazaure zuwa inda ake haƙa hanyar ruwa daga kanal ɗin noman rani zuwa kogi. Dattijo ne siriri, hula ta koɗe, carbi a hannu. Na tabbata a masallaci sahun gaba yake tsayawa.

Kullum a jan turken da masu awo suka kafa don nuna inda hanyar ruwan za ta bi yake ɗaure akuyarsa. Ta fizge turken, ya mayar da bisimilla, amma sai ya matsar da shi taku ɗaya nesa da albasarsa.

"Baba, ba nan yake ba," na ce.

"Hajiya, dabba ce, ina ta ga hankali?"

Shi kam ya gani. Yau taku tara ke nan, kuma duk cikin gonata.