Na'urar da Na Haɗa Wa Baba Don Duban Wata

Sana'ata gyara ce. Na fara da rediyo, da rediyo ta ja baya na koma talabijin da ɗaura farantin dish a saman gidajen Azare, yanzu kuwa duk abin da ke da waya a cikinsa in an kawo sai na buɗe shi. Ina da saurin fushi, wannan kowa a layinmu ya sani. Ina kuma da wani hali da ya fi fushin muni: in na ƙudurta zan taimaki mutum, ba na tsayawa in tambaye shi ko yana so.

Mahaifina yana ƙauyenmu, can kan hanyar Udubo. Ba liman ba ne, ba mai unguwa ba, amma tun kafin a haife ni shi ne mai duban wata. Ranar ashirin da tara, musamman ta Sha'aban da ta azumi, maza kan taru a masussukar da ke bayan gidanmu, a yi magariba a nan, sannan kowa ya ɗaga kai. Baba kan jingina da katangar gida, wuri ɗaya kullum, har jikin katangar ya yi santsi. In ya miƙa hannu ya ce ga shi can, sai a bi yatsansa har wani ya gani, shaida ta cika biyu, liman ya sanar da hakimi. Ba a taɓa mayar masa da shaida ba. Ba shi da shanu, gonarsa ɗaya ce, wannan amanar ita ce duk abin da yake taƙama da shi.

Da tsufa ya kama shi sai na lura yana gane mutane da murya kafin fuska. Na tambaye shi, ya ce ɗan hazo ne kawai, wane tsoho ne ba ya ganinsa? Na bar maganar. Amma tsoro ya shige ni, kada wata rana wani yaro mai kaifin ido ya riga shi gani a gaban jama'a.

Ana nan sai wani tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya ya kawo mini fankarsa gyara, tare da wani dogon abu naɗe a buhu. Madubin hangen nesa ne, ƙafarsa ta karye, jikokinsa sun mai da shi bindigar wasa. Ya ce in ina so in riƙe. Yana fita ya juyo ya ja mini kunne: “Kada ka yarda ka kai shi kan rana. Leƙawa ɗaya, ido ya tafi ke nan.” Saboda wannan gargaɗin na samo murfin gwangwanin madara daidai bakinsa, na shafe shi da baƙin fenti, ya zama ba na barin madubin a buɗe muddin rana tana sama.

Madubin yana da kyau, amma ya ba ni haushi tun ranar farko. Ɗan wurin da yake nuna maka a sama bai fi ka leƙa ta cikin kara ba. Cikakken wata ma sai na yi ta lalube kafin in kama shi, balle jinjirin wata da ba ya daɗewa yake faɗuwa. Sai na ce to, ni da nake juya farantin dish ya kama tauraron da ban taɓa gani ba, me zai hana in haɗa abin da zai juya madubin da kansa ya tsaya daidai kan wata, Baba ya sa ido kawai?

Wata biyar aikin ya ci. Na ciro ƙananan motocin lantarki biyu, irin masu juya abu, daga wata matacciyar firinta ta buga takardu, ɗaya ta juya madubin dama da hagu, ɗaya sama da ƙasa. Mai walda na kusa da ni ya haɗa mini mazauni da ƙarfen tsohon dish. Haƙoran da za su rage gudun motocin ne suka gagare ni, har idona ya faɗa kan injin taliyar matata. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma gaskiyarta ne. Ƙwaƙwalwar abin kuwa wani ɗan allon kwamfuta ne da bai fi akwatin ashana ba, daga Kano aka kawo mini. Umarnin da ake zuba masa na samo wajen masu irin wannan ƙarambanin a intanet, na yi ta fama da Turancinsu layi-layi ina zaginsu suna can ba su sani ba. Wata tsohuwar waya ce ke gaya masa lokaci da inda muke a duniya, batirin babur ya ba shi wuta.

Ranar gwajin farko na danna masa wata. Ya yi gurnani, ya juya a hankali da ƙasaita, ya sunkuya ya tsaya cak a kan akuyar maƙwabcina. Ashe na haɗa wayoyin motocin a juye ne. Bayan nan bel ɗin keken ɗinkin da na sa ya riƙa sulluɓewa, sai da na naɗe masa robar tayar keke. Sannan na gano dole in fara nuna wa na'urar taurari biyu kafin ta san gabas da yamma. Nan na ji kunya. Ɗan mai duban wata guda, amma in ka cire Zara da Kaza da 'ya'yanta ban san sunan ko ɗaya ba, sai da waya ta koya mini.

Wata la'asar, rana ta koma bayan gini, na cire murfin na danna Zara don tsokana kawai. Sama fayau take, ba komai. Na'urar ta juya ta tsaya, na leƙa. Tana nan, fara fat, da rana tsaka! Na ja da baya har na zauna a kan kaskon dalma, Allah ya sa ya huce. Ashe taurarin nan ba inda suke zuwa, mu ne ba ma gani. Ranar na ji kaina ya kumbura, na ce saura Baba.

Na isa ƙauye ana gobe ashirin da tara ga Sha'aban. Jikin katangar Baba ƙasa ba ta daidaita ba, don haka na kafa na'urar can tsakiyar masussuka, bayan magariba na nuna mata taurarinta biyu, na lulluɓe ta na hana kowa taɓawa. Baba ya shafa ƙarfen da hannu ya ce, “Ni wurina ya ishe ni.” Na ce, “Haba Baba, wata biyar fa na yi a kan abin nan saboda kai.” Sai ya janye hannunsa.

Inna Bafulatana ce, ni kuma ɗan farinta ne, ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ta ajiye mini tuwo, ta dubi bango ta ce, “Da mai kayan nan ya yi shawara da mutanen gida kafin ya ɗauko.” Raina ya ɓaci, na ɗauka ƙauyanci ne. Dama shekarun nan na ga ta tsiri wata ɗabi'a: duk ranar duba sai ta jawo turmi jikin katangar yamma, inda ginin ya ɗan zube ana hango waje, ta hau daka da magariba, alhali ga surukai a gida. Na ɗora abin a kan tsufa ban ƙara tunaninsa ba.

Washegari jama'a ta fi ta kullum, an ji labarin ƙarfen da ke nemo wata. Muka yi magariba. Baba ya nufi katangarsa, na kamo hannun rigarsa na kawo shi gaban madubin, mutane suna ta sa mini albarka. Na danna wata. Na'urar ta yi gurnaninta ta juya yamma, ta ɗaga kai kaɗan ta tsaya. Ban leƙa ba. Na so idon Baba ya zama na farko, kamar kullum.

“Baba, yana ciki. Duba.”

Ya sunkuya ya sa ido. Ya daɗe. Sannan ya ɗago ya ce, “Alhamdu lillahi. Ga shi nan siriri, ƙahonsa na dama ya ɗan ɗara.”

Aka ɗauki kabbara. Liman ya zaro wayarsa ya ce wani ya leƙa shaida ta cika. Ni kuma na zagaya gaba don in ƙara ɗaure wata waya da ta saki, ina washe baki. Sai na ga murfin. Baƙin murfin gwangwanin yana nan daram a bakin madubin, tun da rana ban cire shi ba. Duk jama'a suna baya, ba wanda ya gani sai ni.

Na tsaya ina kallon murfin kamar ban san ni na yi masa fenti ba. Mahaifina, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ko ta wasa ba, ya leƙa duhu ya siffanta wata. Ko dai ya yi ƙarya da gangan, ko kuwa duhun da ke cikin madubin da hasken da ke waje duk ɗaya ne a wurinsa, kuma ban san wanne ya fi tsorata ni ba. In na yi magana na tozarta shi a gaban garinsa. In na yi shiru, wanda zai leƙa bayansa zai tarar da duhu.

Na sa hannu a hankali na zare murfin. Sai ya suɓuce mini ya bugi ƙafar ƙarfen, ƙwal.

“Mene ne wancan?” in ji Baba.

“Ba komai, Baba.”

“Me ka cire a bakin abin nan?”

Ya tsaya yana fuskantar inda muryata take, ba inda fuskata take ba, kuma sai a lokacin na lura da bambancin. Ya juya ya ce, “Malam, mayar da wayarka.”

“Ban gani ba,” in ji shi. “Yaron nan ya ce yana ciki, na yarda da shi na faɗa. Allah ya yafe mini. Shekara huɗu ke nan rabona da ganin wata. Mai gani tana bayan katangar can. In ta gani sai ta buga turmi sau uku, in kara kunne ta gaya mini wajen, in miƙa hannu. Mun san ba za ku karɓi shaidar mace ba, shi ya sa. Yau an raba ni da katangar.”

Wani dattijo ya yi salati ya zauna a ƙasa. Ni kuwa sai na riƙa tuna sau nawa na zo gida na zauna gabansa ina nuna masa hotunan jikokinsa a waya yana cewa ma sha Allah.

Ana cikin haka ne muka ji ƙarar turmi, daga bayan katanga. Bugu ɗaya, biyu, uku. Inna ba ta ji abin da aka faɗa ba, tana can tana aikinta.

Na sa ido a madubin. Yana nan a tsakiya, siriri kamar yankan farce. Na'urata ba ta yi kuskure ko kaɗan ba, kuma ban taɓa jin haushin aikin hannuna kamar ranar ba. Liman ya leƙa ya gani, wasu biyu suka kama shi da idonsu ta saman kuka. Aka buga wa hakimi waya. Aka watse ana sunkuyar da kai.

Daga baya na kai shi asibiti, likita ya ce an makara, ciwon ya riga ya cinye jijiyar. Bai ƙara fita duba ba. Liman ya zo har gida ya ce duk watan da aka sanar a shekarun nan an gan shi da gaske, ya kwantar da hankalinsa. Baba ya ce ya sani, amma shi cewa yake yi “na gani”, alhali bai gani ba.

Abin da na fi tunawa shi ne bayan jama'a sun watse a yammacin nan. Na shiga gida na tarar da Inna tana jan turminta, ba ko ƙwayar hatsi a ciki. Na gaya mata abin da ya faru. Ba ta dube ni ba. Sai na ce mata ko za ta zo ta leƙa madubin kafin watan ya faɗi. Ta ce wa turmin, “An riga an gani.”

Da aka kira isha Baba ya fito zaure ya tsaya. Shekara huɗu yana zuwa masallacin nan shi kaɗai, ashe ƙirga taku yake yi. Ya miƙo hannu wajen da ya ji numfashina.

“Riƙe ni,” ya ce. “Na gaji da ƙirgawa.”