Kiran da ya zo bayan rasuwa

Daminar da iska ta kayar da turken sabis, ina aikin kwamfuta a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Zango. Duk yaron da aka yi wa rigakafi nakan shigar da bayaninsa, manhaja ta tura Daura, daga can na'ura ta kira wayar uwarsa ta tuna mata ranar dawowa. Da sabis ya ɗauke, bayanai suka yi ta taruwa har gero ya fitar da kai.

Ranar da aka gyara, na roƙi ogana ya bar ni in saita manhajar ta tura bayanan kawai, ban da tsofaffin kiraye-kirayen, saboda zazzaɓi ya yi mana ɓarna a daminar nan, yara da yawa sun rasu. Ya ce, "Malam, tura komai. Ba na son giɓi a rahotona." Na tura, raina a ɓace.

Washegari wata mata ta zo, wayarta a ƙulle a bakin mayafi. Na san yaronta. Ɗan fari ne, saboda haka don kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a gaban likita "yaron nan" take cewa. Ashe har an yi sadakar bakwai ɗinsa.

Ta ce, "Malam, wayar nan ta kira sunansa, wai in kawo shi ranar Talata. Don Allah ka gaya mata ya rasu."

A kwamfutar kuwa babu saƙo ko ɗaya da ya maƙale. Har oga ya kira yana yaba mini.