Kat-kat ɗin da ta haɗiye ƙafar mai ita

Jama'a, yau saura ƙiris in kashe mutum da motarsa!

Kun san ina neman kat-kat, motar shiga daji, saboda kawo Inna asibiti daga Dogo in damina ta ɓata hanya. Da hantsi na je unguwar Kara-Kara ganin wata da ake sayarwa. Jikinta fes, amma da na leƙa ƙarƙashi, tsatsa ko'ina!

Mai motar, Alhaji Manzo, ya ce, "Haba ɗana, ta sama ce kawai. Hau mu gwada."

Na kama tuƙi, yana gefena. Muka ɗau hanyar Dogo. Inji lafiya lau, har raina ya fara kwantawa.

Ya ce, "Taka ta sosai!"

Na taka. Muka faɗa wani rami, sai ƙara, ƙarass! Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya rufta! Ƙafar Alhaji ta zurma har gwiwa, tana jan ƙasa. Yana ta salati, yana ihu, "Tsaya! Tsaya!"

Na danna birki, ta ƙi tsayawa nan take. Ga amalanke gabanmu! Na karkata cikin rairayi, sannan ta tsaya.

Da kyar na zaro shi. Ƙwauri duk jini, takalmi ya tafi, amma ba karaya, alhamdu lillahi.

Ya daɗe yana kallon ramin da ya buɗe a cikin motar. Sai ya ce, "Mahaifiyarka za ka sa a nan? Ko kyauta na ba ka, kar ka karɓa."

Ya tare kabu-kabu ya tafi abinsa. Yanzu haka ina tsaye bakin hanya da mota da makulli. Wa zai zo ya ɗauke ni?